Ranar da Ban Yi Zunubi Ba

Litinin, da hantsi

Na yi sabon miji. Kai cike da gashi, kunnuwa irin na gidanmu, masu faɗi kamar marfin kofi. Jiya aka sallamo shi da uwarsa daga asibiti, yau ni na yi masa wanka. Da ruwa ya taɓa bayansa sai ya ware hannu biyu kamar mai wa'azi ya tsala ihu. Maigida yana rumfarsa ta gyaran takalma a ƙofar gida, ya ɗaga murya ya ce in gaya wa baƙon nan ya rage hayaniya, gidan da mai shi. Na ce ya yi haƙuri, zamaninsa ya wuce, na samu yaro ɗanye shar.

Hannuna har yanzu ƙamshin sabulun jarirai yake yi. 'Yan shekarun baya ko sunana ba na iya rubutawa, ga shi yau ina rubuta labarin jikana da hannuna. Allah ya saka wa Malama, matar fastonmu, da ta zauna da mu tsofaffi har karatu ya shiga.

Uban yaron bai fito ya ga wankan ba.

Talata, da yamma

Ɗan farina ne, ba na kama sunansa. Duk layinmu Direba ake ce masa, ni ma haka nake cewa. Motar makaranta yake ja, ta ɗaukar yara.

Ba na son rubuta wannan, amma bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ranar da naƙuda ta kama matarsa, an kira shi daga asibiti yana sauke yara a bakin makaranta. Jikinsa yana mota, hankalinsa yana asibiti. Ya ja baya. Wata 'yar ƙarama ta koma ɗauko gorar ruwanta da ta faɗi. Ƙafa ce, ƙafa ɗaya, kuma likita ya ce za ta haɗu. Za ta haɗu. Na sake rubutawa ne don in gani da idona.

Makaranta ta ce ya zauna a gida sai sun neme shi. Ya shiga ɗan ɗakin baya inda muke ajiye tsohon keken ɗinki da fatun ubansa, ya shimfiɗa tabarma, ya tura ƙofa. Da surukata ta miƙa masa yaron a asibiti, hannu biyu ya mayar baya kamar an miƙo masa garwashi. Ta ce abin da ya faɗa ke nan, wai hannun nan ba na ɗaukar yaro ba ne.

Lahadi ta uku daga yau za a miƙa yaron ga Allah. A cocinmu uba ne ke ɗaukar jariri daga kujera zuwa gaban fasto. In bai ɗauka ba, kakan ne zai ɗauka, kowa ya ga yaro mai uba a hannun kaka. Ba surutun mutane kaɗai nake tsoro ba. Tsorona kada hannun ya saba da zama a baya.

Laraba, da rana

Angona ya yi hamma a cinyata, ya kama yatsana ya ƙi saki. Na kira Maigida ya zo ya ga riƙo irin na maza. Ya ce shi ma haka ya fara, ga inda ya ƙare.

Bayan nan ya wanke hannu ya je ƙofar ɗakin baya. Ina kicin, ina jin su. Ya ce wa Direba babu mai sana'ar da bai taɓa kuskure ba, shi kansa ya taɓa manna wa takalmin hagu tafin dama, mai takalmin ya yini yana zagaye wuri ɗaya. Ba a yi dariya ba. Can sai na ji muryar Direba, ta dushe. Ya ce Ubangiji bai ce mu gwada ba, cewa ya yi mu zama cikakku kamar Ubanmu na sama, shi kuwa an ba shi amanar 'ya'yan mutane ya taka ɗaya.

Tun yana ƙarami haka yake. In baƙi ɗaya ya karkace a littafinsa na makaranta sai ya yage shafin. Motar nan kullum sai ya wanke ta kafin ya fita, ya zagaya tayoyi yana buga su da ƙafa. Shekara da shekaru ko ƙwarzane bai taɓa yi mata ba, matan zumunta sun gaji da jin wannan a bakina.

Na ɗauko Littafina mai manyan baƙaƙe na nemi wurin. Na sha jin maganar a wa'azi, na ɗauka fastoci ne ke ƙara gishiri. Tana nan. Na bi ta da yatsa, babu "in kun iya" a ciki. Na rufe da sauri.

Alhamis, da sassafe

Na yi shawara da zuciyata. In cikakke Allah yake nema a gidan nan, ɗana kuma ya kasa, bari uwarsa ta gwada. Ban ce rayuwa duka ba. Yini guda, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba zagi, ba ƙarya, ba fushi, ba mugun tunani. In na kai yamma fes, sai in durƙusa in ce, ga shi Uba, yanzu ka buɗe mini ƙofar nan. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, da hantsi

Maƙwabciyata mai kitso ta sake watsa ruwan wankinta ya gangaro ƙofarmu. Abin da na ce mata ba zai rubutu ba. Gobe.

Juma'a, da rana

Na kai har bayan shayi. Sai na tarar Maigida ya narka gam a ƙaramar tukunyata ta dafa ƙwai. Wai aro ya yi. Gobe.

Asabar, da yamma

Cibiyar angona ta faɗi, wurin ya bushe tsaf. Don murna na manta ina cikin gwaji. Da na tuna, na riga na kwaikwayi tafiyar matar mai shago a tsakar falo, surukata tana riƙe da ciki tana cewa Mama ki bari, ɗinkin da aka yi mini a asibiti zai farke. Rabona da jin dariyarta tun kafin haihuwa. Na sa wannan a cikin zunubi, amma da ƙyar.

Lahadi, bayan sujada

Ƙarya a cikin gidan Allah, ba sau ɗaya ba. Duk wadda ta tambaye ni Direba sai in ce zazzaɓi ne.

Matan zumunta sun biyo ni gida, falo ya cika da sabulu da hoda da 'yan riguna. Suka yi waƙa, wata tsohuwa da ke dogara sanda ta jefar da sandar ta yi rawa da yaron a kafaɗa. Maigida ya shigo ya ce shi da aka ƙwace wa mata ba wanda ya kawo wa ko sabulu ɗaya na jaje. Ana cikin haka na waiga. Ƙofar ɗakin baya ta buɗe kamar faɗin yatsa. Ban nuna na gani ba. Kwanon da na ajiye masa ya dawo babu komai, yau ne na farko.

Talata, da yamma

Bayan aji na tsaya ina taya Malama share allo. Na tambaye ta, kamar ba komai, ko akwai wanda Littafi ya kira marar aibu. Ta ce akwai, ga tsohon nan da ya sassaƙa jirgi lokacin ruwan tufana. Ta ce in je gida in karanta abin da ya yi bayan ya sauko, ba a cika wa'azi a kansa ba. Wanda bai taɓa zunubi ba ko sau ɗaya, in ji ta, mutum ɗaya ne, Yesu, shi ya sa muke ce masa Mai Ceto. Da akwai na biyu da an raba musu aikin.

Na karanta. Wai tsohon ya shuka inabi, ya sha ya bugu, ya kwanta ko mayafi babu. Na ɗauka idona ne, na kai wa Maigida ya duba mini. Ya yi dariya har ƙusa ta faɗo daga bakinsa, ya ce duk wanda aka kulle da jakuna da birai tsawon wannan lokaci, a bar shi ya sha abinsa. Na ce ya ji tsoron Allah, amma ni ma na yi dariyar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Allah ya san abin da tsohon zai yi, kuma shi ya kira marar aibu, shi ya damƙa wa jirgin. Ban gane ba. Sai dai shi rayuwa mai tsawo ya yi, dole ya zame a wani wuri. Ni yini guda nake nema. Kuma na gano inda nake faɗuwa. Duk zunubin da na yi makon nan, da mutum a ciki.

Laraba, da yamma

Gobe ba zan ga kowa ba.

Alhamis, da faɗuwar rana

Na yi. Tun da safe na ce musu yau addu'a nake, kada a buga mini ƙofa. Na zauna a bakin gado da Littafina da kofin ruwa. Na ji ruwan mai kitso yana gangarowa, na toshe kunne. Na ji angona yana kuka, na ce ai uwarsa tana nan. Na yi waƙa a zuci, na karanta, na kalli rufi. Da mugun tunani ya leƙo sai in kore shi kamar ƙuda. Rana ta faɗi ban zagi kowa ba, ban yi ƙarya ba, ban yi gulma ba. Na durƙusa na ce, ga shi Uba.

Na fito na duba ƙofar baya. A rufe take. Wataƙila sai da safe.

Juma'a, da hantsi

A rufe take.

Ga abin da aka yi jiya a gidana ina ciki ban sani ba. Surukata ta so ta yi wa yaron wanka ita kaɗai, ɗinkin ya hana ta sunkuyawa. Ta zauna a gaban baho tana kuka, shi ma yana kuka. Maigida hannunsa duk gam, ya rasa yadda zai yi, ya leƙa katanga. Mai kitso ta bar kan wata rabi a tsefe, ta shigo ta wanke yaron, ta shafa masa mai, ta koma ta dafo wa maijego shinkafa. Matar da na zaga.

Surukata ba ta yi mini ƙorafi ba, yarinya ce mai kunya. Ina taje mata kai ɗazu sai ta ce a hankali, "Mama, jiya ƙofa biyu na yini ina kallo."

Hannuna ya tsaya a kanta.

Na wanke kwanon shinkafar na mayar wa mai kitso, na yi godiya. Ta ce ba komai, yaron namu ne duka, sai dai in rage baki. Na ce ita ma ta rage ruwa. Muka tsaya muna dariya a cikin taɓon.

Juma'a, da yamma

Na koma wurin maganar nan. Da can ita kaɗai na karanta na gudu. Yau na hau sama kaɗan, na fara daga maƙwabtanta. Mu da muka tashi da jin Maganar Allah a kunne, aya ɗaya-ɗaya ake ba mu mu haddace, ban taɓa sanin a jere suke zaune kamar gidajen layi ba. Ashe maganar rana ake yi da ruwan sama, yadda Uba ke sakar wa nagari da mugu ba ya zaɓe, da gai da wanda ba naka ba, da ƙaunar wanda ba ya ƙaunarka. Sai a ƙarshe aka ce mu zama kamarsa. Na duba da kyau, babu ɗaki a wurin, babu sakata. Duk aikin da mutum a ciki.

Ban tabbata na gane daidai ba, zan tambayi Malama. Amma yau na ci abinci har na ƙara.

Asabar, da rana

Na ɗauki 'yar kujera na zauna a ƙofar ɗakin baya. Na ce ba wa'azi na zo yi ba, Malama ce ta ce mu riƙa karatu da ƙarfi, kuma nan ne ke da inuwa. Na fara. Karatuna da ƙarfi kowa ya san shi, kamar keke a kan duwatsu. Na tsallake layi ban sani ba. Daga ciki aka ce, Mama kin tsallake. Na koma, na sake tuntuɓe, aka gyara mini. Da na ƙara ɓatawa sai ƙofar ta buɗe, ya tsuguna kusa da ni ya ɗora yatsa a kan layin. Yaron nan ba zai iya jin abu a karkace ya yi shiru ba, ko da a bakin kabari yake.

Ya rame, gemu ya fito masa. Shi ya ƙarasa karatun, tun daga rana da ruwan sama har ƙarshe. Sai na ba shi labarin gwajina, da tukunyar gam, da mai kitso. Da na zo wurin da na ce wa Allah ga shi, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce, daga baya ta zama kukan, na bar shi ya yi abinsa.

Na ce masa abu ɗaya ne ban gane ba, shi da ya fi ni karatu ya gaya mini: shi wanda bai taɓa zunubin ba, a wane ɗaki ya zauna? Can ya ce bai zauna ba, kullum a hanya yake, kutare ma taɓa su yake yi.

"To ni ba shi ba ne, Mama."

"Ai na sani, ni na haife ka. Tashi ka yi wanka."

Lahadi, da yamma

Ya ci abinci tare da mu. Ya zauna kusa da matarsa ya daɗe yana kallon yaron, ya ce kunnen kakan ne. Maigida ya ce sharri ne, a duba ɓangaren uwarsa. Hannunsa dai a matse tsakanin gwiwoyi.

Yau da aka tambaye ni a coci na ce ba zazzaɓi ba ne, ku sa shi a addu'a. Ba abin da ya cinye ni.

Litinin, da hantsi

Angona ya yi mini murmushi. Surukata ta ce iska ce a cikinsa. Ba ta san maza ba.

Lahadi mai zuwa ce za a miƙa shi ga Allah.

Laraba, da yamma

Shi da kansa ya ce in raka shi asibiti. Gobe za a sallami yarinyar, yana so ya gan ta.

Ubanta muka fara tararwa a baranda. Direba ya gaishe shi, bai amsa ba. Ya faɗi abin da ya faɗa, da zafi, kuma ban ga laifinsa ba. Bakina yana ƙaiƙayi, na danne. Direba ya tsaya kansa a ƙasa ya ce ya yi laifi, ba shi da abin kare kansa. Mutumin ya juya ya sauka ƙasa.

Yarinyar tana kan gado, ƙafar a cikin farin ɗauri mai tauri tun daga cinya, ga giɓi a bakinta. Uwarta tana gefe da tsohon ciki, ta amsa gaisuwarmu sama-sama. Ita kuwa yarinyar tana ganinsa ta tambaya ko da mota ya zo. Ya ce a'a. Ta ce to tana son zuwa taga ta ga motoci, Mama ba ta iya ɗaga ta, masu farin kaya kuma kullum sai su ce anjima. Ashe ita ce ƙarama a motar, kullum shi ke sauke ta daga matakala. Ta ɗaga hannu biyu sama yadda ta saba.

"Direba, ɗauke ni."

Na ga hannunsa ya fara tafiya baya. Na rufe ido.

"Ɗauke ta mana," in ji uwar. "Tun safe take damuna."

Da na buɗe ido suna bakin taga. Hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin ɗaurin, gumi yana bin wuyansa. Tana ta yi masa faɗa, wai ya murƙushe mata gora, sai ya kawo wata, kuma ja take so, mai igiya. Yana ta cewa to.

A hanya ya tsaya a shago yana zaɓen gora kamar mai zaɓen matar aure, har ƙafata ta gaji.

Juma'a, da rana

Makaranta ta kira shi. Ba zai ja yara ba har zangon nan ya ƙare, zai koma gareji yana wanke motoci yana duba su, daga baya su gani. Ya ce ya yarda. Ya kai gorar gidansu yarinyar, uban bai fito ba.

Yaron nasa dai har yanzu bai ɗauka ba. Lokacin wanka yakan tsaya a kaina ya ware tawul, in na ɗago angona sai ya miƙa wa matarsa tawul ɗin. Maigida ya goge takalmi ƙafa biyu na fita, nasa da na Direba, ya jera su a bakin ƙofa. Ko tsokana ɗaya bai yi ba, abin da ban taɓa gani ba.

Asabar, da yamma

Na goge farar rigar yaron, na sake gogewa. Ban yi ciniki da Allah ba, roƙo kawai na yi.

Lahadi, da la'asar

Da fasto ya kira, Maigida ya fara miƙewa, gwiwarsa ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Direba ya dafa masa cinya ya ce, Baba zauna. Ya juya wajen matarsa ya miƙa hannu biyu.

Ya ɗauke shi kamar wanda ya ɗauko baho cike da ruwa. A hankali ya yi ta takawa, na ɗauka sai gobe zai isa. Angona kuwa tun daga kujera ya buɗe maƙogwaro, addu'ar fasto ba wanda ya ji ko kalma ɗaya, sai da faston ya rufe baki muka gane an gama muka ce amin. Suna juyowa ya yi masa tumbuɗi a kafaɗar rigar da ya goge da kansa tun asuba. Ya kalli wurin, ya bar shi haka. Malama ta miƙo mini hankici ba ta ko dube ni ba, ita ma nata idon ya jiƙe.

A gida baƙi sun cika, mai kitso ce ta kama mini rabon abinci. Duk wanda ya ce a ba shi yaron sai Direba ya ce anjima. Da hannu ɗaya ya ci abinci, rabi a baki rabi a wando.

Yanzu baƙi sun watse. Surukata ta samu barci, Maigida yana minshari a kujera da takalmi a ƙafa. Ɗazu na zo wucewa ta falo da kwanuka, Direba ya kira ni da raɗa. Yaron ya yi barci a damtsensa, baki a buɗe.

"Mama, hannuna ya sage. Yaya ake ajiye shi bai farka ba?"

Na ce ban sani ba, ni ma a kansa ban taɓa iyawa ba. Na bar su, na wuce wanke-wanke.